Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, mata 'yan'uwana na zumunta, da ku mazan da kuka raɓe a bakin ƙofa kuna cewa rakiya kuka yi. Ku shigo ku zauna, maganar ta shafe ku.

Sunana na baftisma Rifkatu, amma Ladi aka san ni da shi tun ina yarinya. Ban yi makaranta ba. Matar limaminmu ce ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana, don a wajen magana ban taɓa neman mai gyara ba.

Kada ku tambaye ni shekara. An ce ina goye a bayan uwata ranar da jirgin ƙasa ya fara kuka a Zariya, ta ruga da ni cikin dawa. Shekarar babbar yunwa ina tafiya da ƙafata. Shekarar murar nan da ta kwashe mutane ina famfara, ita ta ɗauke uwata da ubana cikin mako guda, sai ƙanwar ubana, Gwaggo Kande, ta tafi da ni Gyallesu ta riƙe ni. Abin da zan ba ku labari kuwa ya faru ne a daminar da fara ta zo. Wanda ya iya lissafi ya lissafa.

Lokacin Tudun Wada ba haka take ba. Gidaje tsilla-tsilla ne, da gonaki a bayansu. Mu masu bi ba mu kai gida goma ba, muna sujada a zauren Malam Barnaba, shi ke karanta mana Littafi, tun da limami sai jefi-jefi yake zuwa. Mijina, marigayi Haruna, magini ne, yana cikin masu gina gidajen ma'aikatan jirgi. Ta bakinsa na ji bishara. Gwaggo ba ta bi ba har ta mutu, amma ba ta yar da ni ba ko na yini ɗaya. Wannan na faɗa ne don hakkinta.

Na haihu da farkon damina, namiji. Na sha wuya, na zubar da jini mai yawa. Tun da ba ni da gidan uwa da zan koma wanka, Gwaggo ta ɗaure kayanta ta zo yi mini jego.

Aka wanke shi aka miƙo mini. Na duba. Ban ji kome ba.

Ba ƙi ba ne. Da ƙi ne, da na san abin da zan tuba a kai. Kamar dai maƙwabciya ta miƙo mini ƙwaryarta ta ce in riƙe mata. Na riƙe, na mayar.

Ku 'yan matan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, sai ku rungume jariri a gaban surukai kuna sumbatarsa. A zamaninmu uwa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane. In yana kuka ta kau da kai, sai tsofaffi sun yi ta faɗa kafin ta ba shi nono. Sunansa kuwa ba zai fito daga bakinta ba har ta shiga kabari, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Yawan kunyarki shi ne darajar gidan da ya rene ki.

To, mata suka yi ta zuwa barka, su tarar da ni na juya wa yaro baya ina fuskantar bango. Sai yabo. Wata maƙwabciyarmu ta ce wa Gwaggo kunyar 'yarta ta isa a raba wa unguwa har a kai ragowar Hanwa. Gwaggo ta yi ta fara'a, tana gaya wa kowa cewa ita ta rene ni, masu waƙar Lahadi ba su ɓata mata tarbiyya ba. Ran suna aka sa masa Dauda. Ana ta cin ƙauri a tsakar gida, ni ina ɗaki ina kallon wata tsaga a jikin bango. Har yau zan iya zana muku tsagar nan a ƙasa. Fuskar yaron a makon nan kuwa ban riƙe ta ba.

Abin da ba wanda ya lura da shi ke nan: sauran mata kunyar ido suke yi. Da mutane sun watse, sai uwa ta janyo ɗanta ta shinshina kansa. Ni in an watse, yadda aka bar ni haka za a dawo a same ni.

Safe da yamma Gwaggo tana tafasa ruwa, ta tsoma ganyen runhu ta fyaɗa mini. Mata kan yi ihu a wankan nan. Ni ko uffan, aka ce jaruma ce. Ta kwantar da ni a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ta ɗura mini kunun kanwa. Ƙafafuna suka kumbura. Barci ya ɗauke gaba ɗaya. Abinci ya zama kamar ina tauna auduga. Ni da 'yan mata ke taruwa a Gyallesu don jin tatsuniyata, magana ta ƙare mini. Ba wai na ƙi yi ba ne, na leƙa ciki ne na tarar babu.

Nono ya janye. Yaron ya fara ramewa, kukansa ya koma siriri.

Wajen kwana ashirin, da hantsi, Gwaggo ta fita neman itace ta kwantar da shi kusa da ni a tabarma. Cinnaku suka hau ƙafarsa. Ina gani. Yana kuka har muryarsa ta dishe, ina kallon cinnakun suna hawa ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana kan cinyata kamar na wata. Gwaggo ta dawo, ta yar da itacen ta sure shi tana karkaɗewa. Sannan ta tsaya ta dube ni.

Ta ce, "Ladi, ba kowa a gidan nan. Kunyar wa kike ji?"

Na ce ban sani ba.

Daga ranar yabo ya ƙare. Gwaggo ta ce iska ce, ta shiga ne ta ruwan wanka da aka taɓa bari a buɗe a gindin tsamiya. Ta ce akwai wani a cikin birni mai sa wa irinmu mari a ƙafa har su dawo hankalinsu. Haruna ya ce matarsa ba za ta sa mari ba. Mutum ne da ya fi iya magana da laka fiye da mutane, sai ya tafi wurin Malam Barnaba.

Malam Barnaba ba mugu ba ne, kada ku fita ku ce na ce. Ya rasa gida da dangi saboda sunan Yesu. Amma ya zo da dattawa biyu, suka zauna a ƙofar ɗakina, ya ce iska ba ta da iko a kan wanda aka yi wa baftisma sai in shi ya buɗe mata ƙofa. Uwar da ba ta jin kukan ɗanta kuwa, akwai abin da ta ɓoye. Ya ce in faɗi ƙofar da na buɗe. Kafin nan ba zan kusanci Jibin Ubangiji ba, yaron kuma yayar Haruna, Lami, da ke Hanwa tana goyon 'yarta, ita za ta shayar da shi.

Kwana uku suna zuwa. Su yi addu'a, su tambaya, su jira. Na laluba ko'ina ban sami zunubin da ya kai girman abin da suke nema ba. Ni dai so nake su tashi daga ƙofar. A rana ta uku na ce musu na je wasan bori da cikin nan, na sha abin da aka ba ni.

'Yan'uwa, ban taɓa zuwa ba.

Da kun ga yadda fuskokinsu suka saki. Sun sami abin da za su kama. Gwaggo ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce ƙarya nake yi, yaushe na je, ita da ko rijiya ba ta bari na je ni kaɗai ba? Dattawan suka ce ai dole ta rufa mini asiri, wataƙila ma ita ta kai ni. Suka ɗora mini hannu, suka raira waƙa, suka tafi da murna.

Washegari na tashi yadda na kwanta. Jibi ma haka.

Sai Malam Barnaba ya ce tuban bai cika ba, akwai saura. Aka yanke cewa in an yi arba'in Lami za ta tafi da yaron Hanwa ya zama nata ke nan, ni kuma Gwaggo ta yi yadda ta ga dama da ni. Ina jin su ta bango. Kamar ana ba da labarin ruwan sama da aka yi a wani gari.

Saura kwana shida arba'in Allah ya aiko Malama Hannatu. Ungozoma ce a asibitin mishan da ke bayan gari, gwauruwa, gajera, tana ɗingishi, bakinta kullum ja da goro. Wata haihuwa ta kawo ta unguwarmu, Haruna ya tare ta a hanya ya durƙusa a gabanta, ta ce masa ya tashi ya nuna mata gidan.

Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ja fatar idona ta duba. Ta danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da barci. Na ce tun kafin suna. Duk tambayoyin da aka yi mini a wata guda, ba wanda ya yi wannan.

Ta ce a kashe wutar gado, a daina kunun kanwa. Gwaggo ta tashi da faɗa, ta ce tana yi wa mata jego tun Hannatu ba ta san ɗaurin zane ba. Hannatu ta ce ta sani, kuma ita ma Gwaggon idonta ya nuna ba ta barci, ta je ta kwanta. 

Aka kira Malam Barnaba. Hannatu ta gaya masa a gabana cewa wannan ba kunya ba ce, ba zunubi ba ne, ciwo ne. Ya ce ciwo yana da wuri, ta nuna masa inda yake. Ta ce kan mutum ma jiki ne. Ya ce ai yarinyar da bakinta ta amsa laifi.

Ta ce, "Malam, bara da haƙorinka ya hana ka karatu, wane zunubi ka furta kafin a cire maka shi? Da mun zauna a ƙofarka kwana uku, da kai ma ka samo mana ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ya ce ita ta san jiki, shi kuwa za a tambaye shi rayuka. Ta ce to, a ba ta lokaci zuwa girbin dawa. Lami ta dawo gidanmu ta shayar da yaran biyu a nan, inda zan riƙa ganinsa. In dawa ta nuna ban ɗauki ɗana da kaina ba, a tafi da shi, ba za ta ƙara magana ba. Ya yarda, ina jin don ya tabbata ba zan ɗauka ba.

Aka ɗora ni a jaki zuwa asibiti. Likitar Baturiya ce, Hannatu ke yi mana tafinta. Ta ce jinina ya ragu ƙwarai, ga zazzaɓi, kuma bayan haihuwa kan mace yakan kamu da ciwo kamar yadda ƙirji ke kamuwa. Ta ce a ƙasarsu ma tana ganin haka. Wannan ne abu na farko da ya ratsa ni kaɗan. Na ce a raina, ƙasar da ba tsamiya, ba ruwan wanka a buɗe. Ta ba ni magani mai ɗaci, da na ƙarin jini mai warin tsatsar fartanya, da na barci. Ba ta yaudare ni ba, ta ce babu maganin da zai cire shi rana ɗaya. Sai barci da abinci da lokaci, kuma kada a bar ni ni kaɗai.

Na yi mako biyu a can. Wata la'asar Hannatu ta zauna kusa da ni a inuwa tana ɓare goro, ta ce ita ma ta yi irin wannan a haihuwarta ta biyu, wata huɗu ba ta san ɗanɗanon gishiri ba. Sannan ta ce in yi addu'a. Na ce ba abin da zan yi ta da shi, cikina kango ne. Ta ce in gaya wa Yesu hakan, ba sai na yi masa kwalliya ba.

Na ce, "Yesu, ba kowa a cikina. In kana so, ka shigo."

Iyakarta ke nan. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ko hawaye bai zo ba. Na riga na yi ƙarya sau ɗaya a gaban masu bi, ba zan ƙara ba. Hannatu ta ce amin, ta miƙo mini goro. Amma ni na san daga addu'ar nan nake ƙirga warkewata, don ita ce gaskiya ta farko da na faɗa tun da na haihu.

Na koma gida. Barci ne ya fara dawowa. Bayan wani lokaci na ji yaji a miya. Wata rana Lami tana daka tana waƙa, muryarta kamar ana jan garwa a kan dutse, na ce mata don Allah ta yi shiru. Aka kai wa Hannatu ƙara cewa na fara rashin kunya ga yayar miji. Ta ce madalla, wadda ta iya jin haushi tana hanya.

Game da yaron dai, har lokacin ban ji kome ba. Kullum safe Hannatu ta sa a ɗora mini shi a cinya yayin da Lami ke aiki. Ya yi ƙiba da nonon Lami, ya fara dariya. Ni ina riƙe da ƙwaryar maƙwabciya. Na kan duba shi in ce a raina kyakkyawan yaro ne, kamar yadda za a faɗa a kan ɗan kowa. Aka cire gero. Dawa ta fitar da kai, ta yi ja, ta sunkuya.

Ranar da aka sa, Lami ta ɗaure kayanta tun da safe. Haruna bai je aiki ba, yana zaure yana gyaran wani bango da ba abin da ya same shi. Ni ina tabarma a tsakar gida. Na san za a tafi da shi, na kuma san ya kamata in ji wani abu. Na jira, bai zo ba.

Wajen hantsi sai gari ya yi duhu ta gabas, ba hadari. Aka fara ihu daga bayan gidaje, fara, fara. Kowa ya ruga gona da garwa da ƙwarya da duk abin da zai yi ƙara. Lami ta ajiye Dauda a tabarma kusa da ni, ta fita da 'yarta a baya. Gwaggo ce kaɗai ta rage a bakin ƙofa, gwiwa ta hana ta gudu.

Suka fara faɗowa cikin gida kamar ƙanƙara. Wata babba ta sauka a fuskar yaron, daidai gefen ido, da ƙafafun nan nata masu ƙaya. Ya buɗe baki zai yi kuka.

Ban yi tunani ba. Hannun nan da ya zauna a cinya ranar cinnaku, shi ya kai kafin in sani. Na make ta, na sure shi na rufe shi da zanena, na ji wata murya tana cewa, "Dauda! Dauda!" Sai da na faɗa sau uku na gane tawa ce.

Gwaggo ta riƙe baki. Ta ce, "A gabana, Ladi? Sunan ɗan fari?"

Na ƙara ƙanƙame shi. Ta jawo jiki da ƙyar ta zauna a gefen tabarma, fara na bin kanta ba ta kore su ba. Ta ce, "Sake faɗi in ji."

Ranar fara ta cinye dawar Tudun Wada har kara. Mutane suka dawo suna kuka, suka same ni na sa hanci a kan yaron ina shinshina. Warin man shanu da hayaƙi. Lami ta miƙo hannu, ban ba ta ba. Da yamma ta koma Hanwa da goyo ɗaya.

Yabo ga Ubangiji!

Kada ku ɗauka ranar na warke sarai. Sai da wata damina ta zagayo kafin tatsuniya ta dawo bakina. A haihuwata ta uku abin ya sake zuwa, amma na gane sawunsa tun daga nesa, na ce wa Haruna ya nemo jaki. Na yi addu'a, na sha magani, ban nemi laifin da zan ɗora wa kaina ba.

Ƙaryar bori kuwa ta bi ni. Shekaru da yawa in za a zaɓi mai jagorar mata sai a tuna, a tsallake ni, ni da na fi su duka iya tsayawa gaban taro. Malam Barnaba ya rasu ban warware masa ba, girman kai ya hana ni cewa na taɓa yin ƙarya. Yau na sauke. Matar limami, rubuta da kyau: Rifkatu ba ta taɓa zuwa bori ba, ciwo ta yi.

Abin da ya sa na tashi yau, ina da kunne. Ina jin abin da ake raɗawa a kan wata yarinya a cikinmu da ta haihu ta daina zuwa sujada. Ba zan faɗi sunanta ba. Wasu na cewa rashin bangaskiya ne, wasu na cewa daga gidansu ne. Kafin ku je ƙofarta ku tambaye ta abin da ta yi, ku tambaye ta yaushe rabonta da barci. Ku yi mata addu'a, ku kuma kai ta asibiti, addu'a da asibiti ba kishiyoyin juna ba ne. Ke kuma 'yata, in wannan ta iso gare ki, ki dogara ga Yesu ko da ba ki jin kome. Ni da kango na kira shi, bai raina ba. Na gode masa da ya shigo, na gode masa da ya shigo a hankali.

Cikin mutanen wancan lokaci, Gwaggo ta tafi, Haruna ya tafi, Malam Barnaba da dattawansa sun tafi. Hannatu ta rasu a hannuna. Lami ta bi su shekaru uku da suka wuce. Saura 'yarta Talatu, wadda suka sha nono tare, tana nan Kwangila da jikoki. Saura ni. Saura kuma wancan mai furfurar da ke bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, shi ya rako ni, ya san abin da zan yi don kullum sai na yi.

Dauda. Zo ka kama ni, ƙafata ta gaji.